Cadi sun gyara kundinsu, mu a Kamaru wane gyara ne aka taɓa yi don talaka?

Ɗan Kusuri:
Salamu alaikum 'yan gida. Ina da magana, dan Allah a yi haƙuri in ta yi tsawo. Maƙwabtanmu na tsallaken gadar Ngeli sun gama nasu gyaran kundin tsarin mulki, ranar 3 ga Oktoban 2025 depitoci, wato 'yan majalisar dokoki, da sanatoci suka yi zama ɗaya a Njamena, mutum 236 suka amince, wa'adin shugaban ƙasa ya tashi daga shekara 5 ya koma 7 kuma an cire iyaka, yana gamawa ya sake tsayawa iya ransa. Kundin nan fa a Disambar 2023 aka kira jama'a ƙuri'ar raba gardama a kansa, ko shekara biyu bai cika ba. To abin da ke cin raina kenan, abin da aka ƙulla da ƙuri'ar talakawa ta yaya za a kwance shi a cikin ɗaki ba a koma an tambaye su ba? Kuma kar mu tsaya kallon Cadi, mu nan tun 2008 aka yi mana irinta. Tambayata ɗaya ce, a duk gyare-gyaren da aka yi wa kundin tsarin mulkinmu akwai wanda aka yi don talaka? In akwai wani ya nuna min.

Admin:
Wa alaikumus salam. An buɗe, amma zaɓen shugaban ƙasar Kamaru ranar 12 ga Oktoban 2025 ne, duk wanda ya saka hoton ɗan takara ko ya zagi wani zan goge. A tsaya kan kundi.

Baban Halima, Garwa:
Ɗana na ji ka. Amma ni da wayona aka yi ƙuri'ar 20 ga Mayu 1972 da aka rushe tarayya aka maida ƙasa ɗaya, kuma ina nan garin nan ranar da marigayi Ahmadu Ahijo ya ce ya sauka a Nuwambar 1982, lokacin babu wata ayar doka da ta ce dole ya sauka, da kansa ya ajiye. Saboda haka ni ban yarda takarda ce ke sauke mutum ba, tsoron Allah ne da kunya. Kuma kai da ke Kusuri tambayi manyanka abin da suka gani a 1980 da yaƙi ya ci Njamena mutane suna tsallako ruwa da 'ya'ya a kafaɗa. Zaman lafiya ya fi zama ɗan sarki. In jama'a na son mutum su zaɓe shi sau goma mana, ai Jamus ma matar nan Merkel shekara 16 ta yi ba wanda ya ce an ci zalinsa.

Malamin Lise, Marwa:
Baba Allah ya ƙara girma, maganar zaman lafiya babu mai musu, mu da ke nan kusa da Mora da Kolofata mun fi kowa sanin kuɗinsa. Amma a ba ni dama in ɗan tsawaita dan tambayar ɗan Kusuri tana da amsa a tarihi. 1975 aka gyara kundi aka ƙirƙiro kujerar firaminista. 1979 aka sake taɓawa aka ce in shugaba ya sauka firaminista ne zai gaje shi, ta nan Paul Biya ya hau ranar 6 ga Nuwamba 1982. 1984 aka canza sunan ƙasa aka kuma soke firaministan, 1991 aka dawo da shi. Duk waɗannan maganar kujera ce, wa zai zauna, wa zai gada. Sai na 18 ga Janairu 1996 ne kaɗai za ka ce an tuna da mu, shi ne ya kawo majalisar dattawa da kotun tsarin mulki da majalisun jihohi da maganar manya su bayyana dukiyarsu, kuma a cikinsa aka ce wa'adi shekara 7 sau biyu kawai shikenan. To Baba duba yadda aka bi da su. Majalisar dattawa sai 2013 aka kafa, shekara 17. Kotun tsarin mulki sai Fabrairun 2018 aka naɗa mutanenta, shekara 22. Zaɓen jihohi sai 6 ga Disamba 2020. Sashe na 66 kuwa, na bayyana dukiya lokacin kama aiki da lokacin barinsa, an ma yi masa doka a 2006 amma har yau da nake rubutun nan ba a fara aiki da shi ba. Amma cire iyakar wa'adi a sashe na 6, a cikin 'yan kwanaki aka kai majalisa aka amince ranar 10 ga Afrilu 2008, ranar 14 aka sa hannu. Abin da ya shafi kujera da gudu ake yi, wanda ya shafe mu sai a ce a hankali a hankali, wannan shine abin da ke ƙona min rai ba wai yawan shekarun mutum ba.

Baban Halima, Garwa:
Malam ka yi karatu. Amma Merkel ɗin fa, ba ka taɓa ta ba.

Malamin Lise, Marwa:
Baba ita majalisa ce ta zaɓe ta kuma majalisar na iya sauke ta ko yaushe in ta samu wanda zai maye ta, ga kotun da ke iya ce wa gwamnati a'a kuma a ji. Mu a nan sanatoci 100 ne, 30 shugaban ƙasa ke naɗa su da hannunsa. Alƙalan kotun tsarin mulki su 11, a kundin 1996 shekara 9 za su yi babu sabuntawa dan kar su ji tsoron kowa, a gyaran 2008 ɗin nan dai aka maida shi shekara 6 da za a iya sabuntawa. Wanda yake jiran a sabunta masa zai iya kallon mai sabuntawa ya ce ka yi kuskure? Mutane sun riƙe maganar tazarce kawai sun manta da wannan, alhali ni a wurina ita ta fi illa.

Ɗan Njamena:
Ku bar ni in yi magana tunda gidanmu ake taɓawa. Baba gaskiya ne yaƙi ya ci mu, amma wlh wani ɓangare na yaƙin daga nan ya taso. Kundin 1996 namu wa'adi biyu ya ce. Yunin 2005 marigayi Idris Debi ya yi ƙuri'ar raba gardama ya cire, me ya biyo baya? Afrilun 2006 'yan tawaye suka shigo Njamena, Fabrairun 2008 suka sake shigowa har kusa da fadar shugaban ƙasa, mu ne muka kwana a Kusuri a makarantu da bakin hanya. In ka toshe wa mutane ƙofar ƙuri'a wasu sai su nemi ta bindiga, ba ina cewa daidai suka yi ba. 2018 aka kawo sabon kundi aka ce jamhuriya ta huɗu, shekara 6 sau biyu, aka soke firaminista. Afrilun 2021 Debi ya rasu, kundin ya ce shugaban majalisa ne zai riƙe, sojoji suka ajiye kundin gefe suka ce wata 18, da wata 18 ya cika aka ƙara shekara biyu, matasa suka fito ranar 20 ga Oktoba 2022 aka buɗe musu wuta, gwamnati da farko ta ce kusan 50, hukumar kare haƙƙin ɗan Adam ta ƙasa ta ce 128, ɗaruruwa aka kwasa zuwa Koro Toro can cikin hamada. Kuma duk kundin da na lissafa babu wanda bai rubuta cewa ɗan ƙasa na da 'yancin taro da zanga-zanga ba. Ni a ƙuri'ar 2023 na je na yi layi saboda an ce mana wa'adi biyu ne na shekara 5, shi ne abin da ya kai ni. Yanzu gobe in aka sake kira da wane baki zan ce wa ƙannena su fito?

Ɗan Kusuri:
Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu. Mu ma Fabrairun 2008 ɗin jini ya zuba a Duwala da Yawunde kan tsadar mai da abinci da maganar gyaran, gwamnati ta ce mutum 40, ƙungiyoyi suka ce sun haura 100. Wata biyu ba a yi ba aka amince da gyaran.

Hajiya Mai Atamfa, Ngaundere:
Ni dai ku yi haƙuri ban yi bokon da zan gane sashe kaza sashe kaza ba. Abin da na sani shine in na taso da kaya daga Garwa zuwa nan, ko in sauka kudu, sau nawa ake tsaida mota a ce kowa ya fito da katin ɗan ƙasa, in resipise ne da kai, wato takardar wucin gadi kafin katin ya fito, ya ƙare sai an zauna ciniki, in sunanka ya yi kama da na Najeriya sai a ce kawo takardar haihuwar uwarka. Kakana a nan Ngaundere aka binne shi fa. Yanzu sabon katin jaka goma ne na sefa, mai 'ya'ya shida da suka isa yin kati ya lissafa. Sannan yara nawa a unguwarmu suka kai ajin ƙarshe na firamare aka ce ba za su zana jarabawa ba saboda babu takardar haihuwa, yarinya ta koma gida sai aure. To Malam shi kundin naku ya san da wannan? In bai sani ba ni ina ruwana da shekara 5 ko 7.

Ɗalibar Shari'a, Ngaundere:
Hajiya ina wuni, wlh ya sani. A shimfiɗar kundin, wato bayanin farko kafin a fara lissafa sassa, an rubuta kowa na da damar zama inda yake so da yin tafiya ba tsangwama, an rubuta ba a shiga gidan mutum sai bisa doka, ba a kama mutum ko a tsare shi sai yadda doka ta tsara, wanda ake tuhuma marar laifi ne har sai kotu ta tabbatar, kuma karatun firamare wajibi ne gwamnati ce za ta tabbatar wa yaro haƙƙinsa na ilimi. Sashe na 65 ya ce shimfiɗar nan ɓangaren kundi ce, ba ado ba ce. Matsalar tana wani wuri Hajiya, kuma ita nake so 'yan gida su riƙe. In aka yi dokar da ta saɓa wa waɗannan haƙƙoƙi, ke ba ki da ikon kai ƙara kotun tsarin mulki. Sashe na 47 ya lissafa masu iya kaiwa: shugaban ƙasa, shugaban majalisar dokoki, shugaban majalisar dattawa, kashi ɗaya cikin uku na depitoci ko na sanatoci, sai shugabannin jihohi in abin ya shafi jiharsu. Depitoci 180 ne, kashi ɗaya cikin uku 60 kenan, 'yan adawa gaba ɗayansu ko an haɗa ba su kai ba. Kenan ƙofar a rufe take. A Benin duk ɗan ƙasa na iya rubuta wa kotunsu kai tsaye, kuma mutane na yi. Ni in aka ce in zaɓi gyara ɗaya tal da za a yi a kundinmu wannan zan zaɓa kafin ma na wa'adi.

Hajiya Mai Atamfa, Ngaundere:
Allah ya yi miki albarka 'yata. Wato an ba ni haƙƙi an hana ni wurin da zan kai kuka.

Direban Mora:
Ƙanwata ki faɗa musu maganar dokar ta'addanci ma. Mu nan ita muka fi sani. Yaron motata an taɓa ɗauke shi a wani shinge saboda an ga lambobin Najeriya a wayarsa, alhali 'yan uwan uwarsa ne a Banki, mun sha wuya kafin a sako shi, kuma mun gode Allah shi ya dawo, wasu har yau iyayensu na jira.

Ɗalibar Shari'a, Ngaundere:
Yaya sannu, Allah ya kiyaye gaba. Dokar 23 ga Disamba 2014 ce. A ƙa'idar shari'ar laifuka ta yau da kullum tsarewar jandarma ko 'yan sanda awa 48 ce, a sabunta sau ɗaya, in za a wuce haka sai da rubutaccen izinin mai gabatar da ƙara kuma shima da iyaka. Amma a dokar ta'addanci kwana 15 ne ana sabuntawa, kuma kotun soja ce ke yi wa farar hula shari'a. Kowa a nan ya san Ahmed Abba wakilin RFI Hausa, a Marwa aka kama shi ƙarshen Yulin 2015, kotun soja ta ba shi shekara 10 a Afrilun 2017, sai a ɗaukaka ƙara aka rage ya fito a Disambar 2017. Shi da duniya ta san sunansa kenan. Ba wanda ke cewa kar a yaƙi Boko Haram, mu suke kashewa, amma da akwai hanyar da ɗan ƙasa zai ce a auna dokar nan da kundi, da tuni an auna.

Baban Halima, Garwa:
A nan kam na yarda da ke jikata. Amma ku sani ranar da aka yi dokar nan ana yanka mutane a Amchide da Fotokol, wanda ya ga wannan ba zai yi saurin zagin masu dokar ba.

Ɗan Birik, Yawunde:
Akwai wata da ba wanda ya taɓo kuma mu Hausawa ta fi ci. Maganar 'yan asali da baƙi. Shi kundin 1996 da Malam ke yabo, shi ne ya rubuta cewa gwamnati za ta kare haƙƙin 'yan asalin wuri, sashe na 57 ya ce shugaban majalisar jiha sai ɗan asalin jihar, sannan dokar 2019 ta ƙara da cewa magajin babban birni ma sai ɗan asali. Ni a Birik aka haife ni, babana a Birik aka haife shi, unguwar Hausawa a Yawunde ta girmi 'yancin kan ƙasar nan, haraji muna biya, ƙuri'a muna jefawa, amma in na ce ina son kujerar magajin birni sai a ce in koma garinmu. Wane gari? In na hau arewa can ma wani ya ce min ai ku daga Kano kuka zo. Kuma kundin bai faɗi wane ne ɗan asali ba, shekara nawa mutum zai yi, kaka nawa za a binne, shiru. Shimfiɗa ta ce duk ɗan ƙasa daidai yake, sashe na 57 ya ce wani ya fi wani, a cikin littafi ɗaya.

Malamin Lise, Marwa:
Ban yabe shi duka ba ɗan uwa, cewa na yi shi kaɗai ya waiwayo mu. Amma wannan ayar tana da baki biyu. In aka cire ta yau, masu kuɗi da yawan jama'a za su iya sayen kujerun ƙananan ƙabilu a garuruwansu, mutanen Duwala dama kukan da suka yi kenan a 1996 bayan zaɓen magadan gari. Kuma mu 'yan arewa rabon kaso na shiga manyan makarantu da aikin gwamnati da ake yi tun zamanin Ahijo da irin wannan tunanin yake tafiya, in ka ce a share asali gaba ɗaya yaranmu na Logon da Shari za su yi gasa da yaran da suka tashi da laburare a gida.

Ɗan Birik, Yawunde:
To a rubuta mana. A ce wanda aka haifa a wuri, ko uban sa aka haifa a wurin, ɗan wurin ne. Rabon kaso a yi shi kan inda yaro ya yi makaranta ba kan ƙabilar kakansa ba. Ni ban ce a danne kowa ba, cewa na yi kar in zama baƙo a ƙasata ta ko'ina.

Malamin Lise, Marwa:
Na farkon zan sa hannu. Na biyun ina da ja, sai mun zauna.

Ɗan Kusuri:
Ni abin da ke ba ni mamaki Najeriya da muke yi wa kallon hargitsi, ranar 16 ga Mayu 2006 sanatocinsu suka yi watsi da tazarcen Obasanjo kuma jam'iyyarsa ce ke da rinjaye. Nijar Tanja ya yi nasa a 2009 sojoji suka ɗauke shi Fabrairun 2010, wannan ba abin fata ba ne. Amma na Najeriya ba a harba ko harsashi ɗaya ba. Me ya hana namu depitocin?

Ɗalibar Shari'a, Ngaundere:
Yaya hanyar gyaran ce ta bambanta. Can sai kashi biyu cikin uku na majalisun tarayya sannan majalisun jihohi 24 cikin 36 su amince. Mu sashe na 63 ya ce majalisu biyu su haɗu, rinjaye na fiye da rabi ya isa, ƙuri'ar raba gardama kuwa sai in shugaban ƙasa ya ga dama ya kira. Jam'iyyar da ke da rinjaye ita kaɗai za ta iya canza kundi da yamma ɗaya. Su kansu depitocin nan wa'adinsu ya kamata ya ƙare farkon 2025, a Yulin 2024 suka amince aka ƙara musu shekara, da wata jimla da aka cusa a sashe na 15 a gyaran 2008 mai cewa in hali ya buƙaci haka.

Hajiya Mai Atamfa, Ngaundere:
To ni yanzu roƙona, tunda Faransanci da Turanci kawai aka rubuta abin nan, 'yata ki daure ki karanta mana wancan bayanin farkon da Hausa a murya, ko minti biyu biyu ne, in tura wa matan kasuwa. Wlh da yawa ba su san an hana shiga gida ba takarda ba.

Ɗalibar Shari'a, Ngaundere:
In sha Allah Hajiya, bayan zaɓe zan fara, amma sai Malam ya riƙa dubawa kafin in saki dan kar in faɗi abin da ba haka ba. Wanda ya iya Fulatanci da Larabcin Shuwa sosai ya yi min magana ta gefe.

Ɗan Njamena:
Larabcin ni zan yi. In kun gama naku a yi na Cadi ma, namu yana da Larabci a rubuce amma na littafi ne, 'yan kasuwa ba sa ganewa.

Direban Mora:
Ƙanwata kafin nan ki amsa min ɗaya, in an wuce awa 48 ɗin ba a saki mutum ba kuma ba a kai shi kotu ba, ba maganar ta'addanci ba, ƙaramar rigima ce ta kuɗi, wurin wa ake zuwa? Akwai maƙwabcina da ke ciki tun ranar Litinin.

Ɗalibar Shari'a, Ngaundere:
Yaya 'yan uwansa su fara zuwa ofishin mai gabatar da ƙara na kotun yankin da safe, su faɗi ranar da aka kama shi da inda yake, shi ke da ikon sa ido kan tsarewa. In ba a yi komai ba akwai takardar neman a sake shi nan take da ake kai wa shugaban babbar kotun yankin, sashe na 584 na dokar shari'ar laifuka, ba sai shi da kansa ba, wani na iya shigarwa a madadinsa. In bashi ne tsantsa ma ba hurumin tsarewa ba ne. Su tafi da kwafin katinsa, kuma su rubuta sunan wanda ya karɓi takardar da ranar.